Wai daga Fiji ko Niyu Zilan ana tsallakawa Ostareliya ba biza?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Hankalina a tashe yake. Ƙanena ya gama digiri ya daɗe ba aiki, yanzu ya haɗu da wani ejan da ya ce zai kai shi Ostareliya. Wai ba sai an sha wahalar neman bizar ƙasar ba, a fara sauka Fiji ko Niyu Zilan, daga can a tsallaka, domin ƙasashen yankin uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba shinge a tsakaninsu. Ya ce in ta sama ta ƙi akwai jirgin ruwa daga Indunusiya, kuma da ƙafarka ta taɓa ƙasa za a ba ka takardar zama, tunda masu sassauci ne ke mulki yanzu. Yaron ya matsa wa mahaifiyarmu ta sayar da filin da mahaifinmu ya bar mana. Ni kuma abin da nake gani a labarai, 'yan Ostareliya da 'yan Niyu Zilan kullum cikin gugar zana suke. To 'yan'uwa ne ko abokan gaba? Kuma hanyar nan tana ɓullewa?

Wata mai karatu daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin komai, kada a sayar da filin nan. Hanyar ba ta ɓullewa, kuma wanda ya ce tana ɓullewa ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko ya sani yana neman kuɗinku ne kawai.

Gugar zanar da kike gani wasan taubasai ce, ba gaba ba. Sojojin ƙasashen biyu sun mutu tare a Galifoli ta ƙasar Turkiyya a 1915, kuma har yau ranar 25 ga Afrilu ranar tunawa ce a wurinsu duka. Tsarin mulkin da aka kafa tarayyar Ostareliya a kansa a 1901 ya ambaci Niyu Zilan cikin yankunan da za su iya shiga tarayyar, ita ce ta ƙi. Tun daga nan suke tsokanar juna. A ƙwallon zari-ruga kofin Bledisloe, wanda ƙasashen biyu ke karawa a kansa, yana hannun Niyu Zilan tun 2003, abin da ke ci wa 'yan Ostareliya tuwo a ƙwarya. A wasan kurket kuwa, har yanzu 'yan Niyu Zilan ba su manta da abin da ya faru a Melbon a 1981 ba, lokacin da kyaftin ɗin Ostareliya, Greg Chappell, ya sa ƙanensa Trevor ya gangara ƙwallon ƙarshe a ƙasa don kada abokin karawarsu ya samu damar bugo ta sama. Doka ba ta hana ba a lokacin, amma firaministocin ƙasashen biyu duk sun yi tir da abin. Duk da haka su biyun ne suka haɗa kai suka karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta mata a 2023, inda Super Falcons suka ci Ostareliya 3 da 2 a Birisben. Inda suka rabu da gaske shi ne batun nukiliya: Niyu Zilan ta yi dokar hana jiragen ruwa masu nukiliya shiga ruwanta a 1987, ita kuwa Ostareliya ta ƙulla yarjejeniyar AUKUS da Amurka da Birtaniya a 2021 don ta mallaki irin waɗannan jiragen na ƙarƙashin ruwa.

To yanzu ga abin da ya dame ni, domin kusan kullum sai wani ya kawo mini wannan magana ta “ƙofar baya”, kuma ta gundure ni. Ejan ya ɗauki gaskiya guda ya gina ƙarya goma a kanta. Gaskiyar ita ce tun 1973 akwai tsarin da ya ba ɗan Niyu Zilan damar shiga Ostareliya ya zauna ya yi aiki, kuma sama da mutum 600,000 'yan Niyu Zilan suna can. Amma ki lura da kalmar: ɗan ƙasa, mai fasfon Niyu Zilan. Ɗalibi ɗan Najeriya da ke birnin Okland na Niyu Zilan ba ya ciki. Ma'aikaci mai bizar aiki ba ya ciki. Kai, ko wanda ya samu takardar zama na dindindin a Niyu Zilan ba ya ciki, sai ya nemi bizar Ostareliya da fasfonsa na Najeriya kamar wanda ke zaune a Fagge. Kafin a ba mutum fasfon Niyu Zilan sai ya shekara 5 da takardar zama, ita kanta takardar zaman kuma ba a tsintar ta a filin jirgi.

Su ma 'yan Niyu Zilan ɗin na asali ba a bar su sakaka ba. A ƙarshen 2014 Ostareliya ta tsaurara sashe na 501 na dokarta ta shige da fice: baƙon da kotu ta yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, an soke bizarsa ke nan. Da wannan aka tasa ƙeyar 'yan Niyu Zilan sama da 2,000 zuwa gida, cikinsu har da waɗanda aka kai Ostareliya suna goye, ba su san kowa a ƙasar da aka mayar da su ba. Abin ya yi zafi har firaministar Niyu Zilan ta lokacin, Jacinda Ardern, ta tsaya kusa da takwaranta na Ostareliya, Scott Morrison, a Sidni a 2020, a gaban 'yan jarida, ta ce masa ya daina turo mata mutanensa da matsalolinsa. Sai a watan Yulin 2023 ne gwamnatin Anthony Albanese ta buɗe wa 'yan Niyu Zilan da suka shekara 4 a can hanyar zama 'yan ƙasa kai tsaye. Ƙasar da ke yi wa aminiyarta ta kusa haka, ita ce za ta bar baƙo daga Afirka ta Yamma ya shigo mata ta bayan gida?

Fiji kuma fa? Ɗan Fiji da kansa sai da biza yake shiga Ostareliya. Haka ɗan Papuwa Niyu Gini, duk da cewa tsakanin gaɓar ƙasarsu da tsibirin Saibai na Ostareliya bai wuce kilomita 4 ba. 'Yan asalin ƙauyukan wannan mashigin ne kaɗai yarjejeniyar 1978 ta yarje wa zirga-zirgar gargajiya ba fasfo. Daga Fiji zuwa gaɓar Ostareliya kuwa teku ne na fiye da kilomita 2,500. Kamfanin jirgin sama ba zai ma ba mutum katin shiga jirgi ba sai kwamfutar hukumar shige da ficen Ostareliya ta nuna yana da biza. Mai fasfon Najeriya ko yada zango zai yi a Sidni ya canza jirgi, sai ya nemi bizar wucewa. Abin da zai faru da ƙanenki shi ne ya sauka a tsibiri, kuɗin guzuri ya ƙare, kwanakin da aka ba shi su cika, wayar ejan ta daina shiga.

Maganar jirgin ruwa ita ce mafi haɗari, kuma a nan ne siyasar cikin gidan Ostareliya ta haɗu da hulɗarta da maƙwabta. A watan Agustan 2001 wani jirgin dakon kaya na ƙasar Nowe mai suna Tampa ya ceto mutum 433 daga teku, akasarinsu 'yan Afganistan. Firaminista John Howard ya hana shi sauke su, ya tura sojoji suka hau jirgin, aka kwashi mutanen zuwa Nauru, tsibirin da faɗinsa duka murabba'in kilomita 21 ne. Wata biyu bayan haka wani kwale-kwalen da ya taso daga Indunusiya ya nutse da mutum 353, mata da yara ne suka fi yawa. Howard ya ci zaɓe a watan Nuwamba, kuma tun daga ranar duk ɗan siyasar ƙasar ya san abin da batun jiragen ruwa ke yi wa akwatin zaɓe.

Shi ya sa zancen “masu sassauci ne ke mulki” yake ba ni takaici. Jam'iyyar Leba ta su Albanese, wadda ejan ke kira masu sassauci, ita ce ta kawo dokar tsare duk wanda ya shigo ba biza a 1992, zamanin firaminista Paul Keating. Gaskiya ne firaminista Kevin Rudd na Leba ya rufe sansanonin tsare mutane na tsibirai a 2008, amma cikin shekara biyar da suka biyo baya mutum sama da 50,000 suka iso ta ruwa, sama da 1,000 suka halaka a hanya. Julia Gillard, ita ma 'yar Leba, ta sake buɗe Nauru da tsibirin Manus na Papuwa Niyu Gini a 2012. Ranar 19 ga Yulin 2013 Rudd ɗin nan dai ya shelanta cewa duk wanda ya zo ta jirgin ruwa ba biza ba zai taɓa zama a Ostareliya ba, ko da an tabbatar ɗan gudun hijira ne na gaske. Da Tony Abbott na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya hau mulki a watan Satumbar shekarar, sai ya danƙa aikin a hannun soja, aka shiga juya jirage a tsakiyar teku ana mayar da su inda suka fito. Albanese ya ci zaɓe a 2022, ya sake ci a 2025 da gagarumin rinjaye, kuma bai taɓa ginshiƙin wannan tsari ba. A makonsa na farko a mulki aka mayar da wasu 'yan Siri Lanka da aka tare a teku. Manyan jam'iyyun biyu suna faɗa a kan haraji da makamashi da gidaje, amma a kan jiragen ruwa bakinsu ɗaya.

Ni a ganina tsarin nan akwai zalunci a cikinsa. Mutane sun yi shekaru a tsare ba a tuhume su da laifin komai ba, wasu sun kashe kansu, yara sun daina ci da magana. Kotun ƙolin Papuwa Niyu Gini ta yanke hukunci a 2016 cewa tsarewar Manus ta saɓa wa tsarin mulkinta. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke kula da masu taɓin hankali a Nauru, an sallame ta daga tsibirin a 2018. Amma munin tsarin ba ya mayar da ƙaryar ejan gaskiya, ƙanenki ne zai faɗa cikinsa. Wanda ya maƙale a Indunusiya ma bai tsira ba: ƙasar ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, ba ta ba su izinin aiki, kuma Ostareliya ta ce ba za ta ɗauki duk wanda ya yi rajista a can daga 1 ga Yulin 2014 ba.

Ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan ƙofar bayan nan. A 2013 Niyu Zilan ta yi tayin ɗaukar mutum 150 duk shekara daga waɗanda ke tsare a tsibiran. Ostareliya ta ƙi har shekara 9, tana tsoron kada su samu fasfon Niyu Zilan su dawo mata da shi. Ta gwammace ta ƙulla da gwamnatin Obama a 2016 a kai wasu Amurka, ta ci gaba da kashe maƙudan kuɗi a Nauru, sai a watan Maris na 2022 ta amince. Ƙofar da ejan ke tallata muku, hukumomin Ostareliya sun san da ita tun kafin shi, kuma sun toshe ta.

Maƙwabtan ma ba za su taimaka masa ba, domin abincinsu na tattare da Ostareliya. Ita ce ta fi kowa ba ƙasashen tekun Fasifik tallafi, kuma tun da tsibiran Solomon suka ƙulla yarjejeniyar tsaro da Sin a 2022 ta ƙara buɗe bakin aljihu. Ta yarda 'yan Tubalu 280 su riƙa komawa can duk shekara saboda ruwan teku na cin ƙasarsu. Ta ware dalarta miliyan 600 cikin shekara 10 don Papuwa Niyu Gini ta samu kulob a gasar zari-rugarta. Akwai shirin kai ma'aikatan gona da na mahauta, akwai kuma ƙuri'ar biza 3,000 a shekara, kuma waɗannan su ne hotunan da 'yan damfara ke yawo da su a WhatsApp suna cewa “Ostareliya na neman ma'aikata”. Shirye-shiryen nan na 'yan tsibiran Fasifik ne da Timor ta Gabas. Babu Najeriya a ciki, babu Nijar, babu Gana.

Ina kira ga masu wannan sana'a su ji tsoron Allah. Ka dubi gwauruwa da marayu, ka san filin nan shi ne abin da suka mallaka, ka karɓe kuɗinsa ka tura ɗansu tsibirin da kai kanka ba ka iya nuna shi a taswira ba. Wannan ba neman halak ba ne. Iyaye kuma a daina jin kunyar tambaya don kawai mutum ya zo da babbar mota da hotunan filin jirgi.

Idan yaron da gaske yake son ƙasar, hanyoyin a bayyane suke, sai dai suna da tsada da jinkiri: karatu, ko ƙwarewa a sana'ar da suke nema, inda ake auna shekaru da Turanci da gogewar aiki da maki. Kuɗin neman bizar karatu kaɗai ya kai dalar Ostareliya 2,000 a Yulin 2025, ba a mayarwa in an hana, kuma sai an nuna kusan dala 30,000 na ciyar da kai na shekara, ban da kuɗin makaranta. Ki sa shi ya tambayi ejan suna da lambar bizar da zai nema masa, lambar rukunin bizar ɗalibai dai 500 ce. Ostareliya ta daina manna biza a fasfo tun 2015, saboda haka duk wanda ya nuna muku sitika jabu ce. Biza ta gaske ana duba ta a manhajar VEVO ta gwamnatinsu da lambar fasfon mutum da lambar shaidar bizar. Filin kuma gado ne, kina da kasonki a ciki. Ki kira baffanninku a zauna, ki faɗa a gabansu cewa ba ki yarda a sayar ba.