Amsa ga Alhaji: yadda MTN ta yi asara alhali kullum muna sa kati

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari muryarka ta jiya da daddare, inda kake tambaya ta yaya kamfani irin MTN zai ce ya yi asara alhali babu ranar da ba ma sa kati da sayen data, ko dai dabara ce ta gudun haraji da neman hujjar ƙara kuɗin kira. Ka yi haƙuri, bayanin zai ɗan yi tsawo.

To, a 2023 kuɗin da ya shigo wa MTN Najeriya ya haura naira tiriliyan 2.4, ya ma fi na shekarar da ta gabata. Wato a ɓangaren ciniki gaskiyarka ce, kasuwa ta yi kyau. Amma da aka rufe lissafin shekara sai ga asarar naira biliyan 137, alhali a 2022 ribar da suka ci ta kai wajen biliyan 350. A 2024 ma abin ya fi muni, asarar ta kai biliyan 400. Abin da ya cinye ribar ba ya cikin katin da muke sawa, yana cikin bashin da ke kansu na dala.

Bari in kwatanta maka da Kantin Kwari, tunda nan ne fagenka. Ɗan kasuwa ya karɓi kaya bashi daga Caina, na dala 100,000, lokacin dala tana 460. A littafinsa ya rubuta ana binsa naira miliyan 46. Ya sayar da kayan nan tas, ya ci riba, kuɗi na hannu. Kafin ranar biya sai dala ta koma 900. Mutumin Caina bai ƙara masa ko sisi ba, dala 100,000 ɗinsa yake nema. Amma yanzu sai ya haɗa miliyan 90 kafin ya sauke nauyin. Wannan miliyan 44 ɗin da ta ƙaru, daga ina za ta fito? Daga ribarsa, in ba ta isa ba a shiga uwar kuɗi. Shago cike da masu saye, amma mai shago yana nutsewa.

Abin da ya samu kamfanonin nan ke nan. Ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Daga wajen 460 a farashin gwamnati, shekarar ta ƙare dala tana sama da 900, kafin 2024 ta yi nisa kuma ta haura 1,500. Ita MTN ɗin, eh, yawancin turakun sabis ɗin da kuke gani a unguwanni ba nata ba ne. Ta sayar wa kamfanin IHS tun shekarun baya, ta dawo tana haya, kuma wani kaso na kuɗin hayar an ɗaure shi da farashin dala. Ga bashin kayan aiki da ake shigo da su daga waje. Ka'idar lissafi kuma ta ce duk bashin da ke kanka na kuɗin waje, a ƙarshen shekara sai ka sake auna shi da farashin ranar, bambancin ka rubuta shi asara. A 2023 kaɗai wannan bambancin ya kai naira biliyan 740 a littafin MTN.

Yanzu Alhaji zai ce, ai wannan asarar takarda ce, ba wanda ya fitar da kuɗi daga akwati. Rabin maganar gaskiya ne. Wani sashe nata ba a biya ba tukuna, an dai rubuta, kuma in naira ta farfaɗo zai iya raguwa. Shi ya sa kamfanin bai tsaya ba, yana biyan albashi, yana aiki. Amma ranar biya tana nan tafe, kuma da nairar ranar za a sayi dalar. Sannan takardar nan tana da cizo tun yanzu: asarar ta cinye ribar da suka tara shekara da shekaru, har bashin kamfanin ya zarce kadarorinsa a lissafin 2023 da na 2024. Doka kuwa ba ta yarda a raba wa masu hannun jari riba ba sai daga ribar da aka tara. Duk wanda ya sayi hannun jarin MTN yana jiran rabon 2024, bai ga komai ba. Ku tambayi waɗanda ke da shi a cikin gidan nan.

Kan batun gudun haraji kuma, ban ce kamfanoni waliyyai ba ne, wallahi ba su ba ne. Amma wannan lissafi odita na waje ne ya duba shi, an miƙa wa kasuwar hannayen jari ta Legas, kuma abin bai tsaya kan MTN kaɗai ba. Nestlé masu Maggi da Milo sun yi asarar kusan biliyan 80 a 2023. Dangote Sugar ta yi ta sama da biliyan 70, don ɗanyen sukarin da take tacewa a Apapa daga Birazil ake sayo shi da dala, a sayar mana da naira. Noman raken da suke yi a Numan ta jihar Adamawa bai kai ya rufe wannan giɓin ba tukuna. Wasu ma ba su tsaya ba: GSK mai magunguna ta sanar da rufe harkarta a 2023, P&G mai kayan wanka da wanki ta daina sarrafa kaya a nan ta koma shigowa da su.

Wani abin da zai ba ka mamaki, a shekarar da waɗannan ke kuka, bankuna sun ci riba irin wadda ba su taɓa gani ba. Dalili ɗaya ne, a juye. Su suna riƙe da dala, kuma suna bin mutane bashin dala, don haka faɗuwar naira ta kumbura musu littafi. Har sai da Babban Banki ya hana su raba wannan ribar ga masu hannun jari, daga baya a 2024 gwamnati ta ɗora mata haraji na musamman. Guguwa ɗaya ce, tambayar kawai ita ce wane ɓangare ta tarar da kai, kana bi ne ko ana binka.

Ni inda nake ganin laifin shugabannin kamfanonin, kowa ya san farashin 460 ba zai ɗore ba. A kasuwar canji ta Wapa ana sayar da dala sama da 700 tun kafin a saki nairar. 'Yan takarar shugaban ƙasa ma sun faɗa a bainar jama'a cewa za su haɗe farashin gwamnati da na kasuwar canji. Su kuma shugabannin kamfanonin za su ce maka sun so su biya bashin tun da wuri, dalar ce babu a banki, sun yi layi wata da watanni. Wannan ma gaskiya ne. Amma yarjejeniyar hayar nan ta turaku, sai a Agustan 2024 MTN ta zauna da IHS aka rage kason dala a ciki. Me ya hana a yi tun kafin wuta ta kama? Bayan wannan gyaran, sai hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, nairar kuma ta ɗan tsaya wuri ɗaya, a watanni ukun farko na 2025 MTN ta dawo da ribar sama da biliyan 130. Don haka zarginka bai faɗi ƙasa banza ba, Alhaji, daga aljihunmu aka cike wani ɓangare na ramin.

Ga ƙannenmu da ke sayen hannun jari ta waya, kada ku tsaya kan layin farko na rahoton, inda aka rubuta ciniki ya ƙaru. Ku gangara can ƙasa ku nemo nawa ne bashinsu na kuɗin waje, nawa kuma suke samu da kuɗin waje. Wanda ke fitar da kaya waje yana karɓar dala, bashin dala ba ya tayar masa da hankali sosai. Wanda duk cinikinsa naira ne, shi ne abin tsoro. Ku duba kuɗin ruwa ma, don Babban Banki ya kai nasa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, wanda ya gudu daga bashin dala ya koma na naira bai huta ba.

Mu kuma masu karɓo kaya bashi daga Dubai ko Guanzu, in kaya ya fita, a mayar da kuɗin mai kaya dala a ranar, a tura masa ko a ajiye, kada a juya shi a wani sarin ana jiran dala ta sauka. Alhaji, in kana son rahoton na 2023 zan turo maka shi, in nuna maka shafin da bashin yake. A gaida su Hajiya. Wassalamu alaikum.