Wi-Fi ɗina ba ya kaiwa sashen iyali

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim. Na ajiye rauta (na'urar raba intanet) mai layin waya a shagona da ke jikin zaure, kuma tana aiki lafiya a can, amma da an wuce tsakar gida zuwa sashen iyali sai sabis ya ɗauke. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, nisan kuma ya kai mita 40. An ce in sayi ripita, wato na'urar ƙara nisan sigina. Ko za ta yi maganin abin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da intanet na aiki a shago, matsalarka ba daga turken kamfanin waya take ba, daga katangu take. Ginin ƙasa mai kauri yana shanye siginar Wi-Fi, musamman da damina idan ya sha danshi, kwano kuwa mayar da shi baya yake yi. Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗaga rautar sama kusa da tagar da ke kallon tsakar gida, sannan ka haɗa wayoyin cikin gida da zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, domin ya fi na 5 GHz ratsa bango da cin nisa, ko da yake bai kai shi sauri ba.

Ripita kuwa ba na ba ka shawararta. Abin da ta samu shi take maimaitawa, saboda haka idan siginar da ya iso mata rarrauna ne, rarraunan za ta miƙa, kuma irin masu arahar nan sukan rage saurin da kusan rabi. Abin da na fi amincewa da shi shi ne ka ja wayar intanet ta Cat6 daga bayan rautar shago zuwa wata rauta ta biyu a sashen iyali. Wannan waya tana kai mita 100 ba tare da saurin ya ragu ba, ka ga nisanka bai ko kai rabi ba. Ka nemi mai jan ƙarfe zalla, ka zura ta cikin bututun roba ka binne, saboda rana da ɓeraye da tsawar damina. Kada a rataye ta bisa kwano. Wanda zai haɗa maka ya saita rauta ta biyu a matsayin mai yaɗa sigina kawai, da suna da lambar sirri iri ɗaya da na rauta ta farko. Ka kuma tanadar mata wuta daga sola ko batir, domin idan ta mutu, sashen iyali ya koma yadda yake.