Zafin cikin ƙasa zai iya ba Damagaram wuta?

Tambaya: Malam, na ji a rediyo cewa a Kenya ana samun wutar lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Mu da zafi ya yi mana katutu, ga yawan ɗauke kuran a bazara, me zai hana a yi haka a Damagaram? Daga wani mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Zafin da ke ƙona mana tafin ƙafa a watan Afrilu na rana ne, kuma bai wuce ɓawon ƙasa ba. Wanda ake nufi daga cikin duniya yake tasowa, yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya da aka nutsa. Ana haƙa rijiya mai zurfi har a iske ruwan da ya tafasa a tsakanin duwatsu, tururinsa ya taso da ƙarfi ya juya injin, injin ya ba da wuta, sannan a mayar da ruwan ƙasa ta wata rijiyar. A Larderello ta ƙasar Italiya aka fara gwada wannan a 1904.

Kenya ta dace ne da wuri. Tashar Olkaria, wadda ta fara aiki a 1981 kusa da tafkin Naibasha, tana cikin babban kwarin da ƙasa ta tsage a gabashin Afirka, inda narkakken dutse ya matso sama, shi ya sa zafi yake kusa. Damagaram kuwa a kan tsohon dutse take zaune, irin manyan duwatsun nan da ke tsaye a cikin gari, waɗanda suka huce tun zamani mai nisa. Kafin a kai digiri 150 a nan sai an haƙa kilomita huɗu ko biyar, kuma ko an kai, dutse ne busasshe, sai an ɗura masa ruwa kafin a sami tururi. Garin da ake jawo masa ruwan sha daga Arunguza da Gogo-Macaya, ina zai sami ruwan ɗura wa irin wannan rijiya? Akwai maɓulɓular ruwan zafi a Tafadek, arewa da Agadas, ta cancanci bincike, amma ba ta kusa da mu. A ganina, kuɗin haƙar gara a zuba su a faifan hasken rana.

Abin da ya fi damuna shi ne mun bar wani amfanin ƙasa da ke ƙarƙashin tsakar gidanmu. Duk wanda ya taɓa jan guga da asuba a hunturu ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa, a bazara kuma da sanyi. Ruwan bai sauya ba, iskar waje ce ta sauya, domin a zurfin mita biyu zuwa uku zafin ƙasa ba ya nisa da digiri 30 duk shekara. Idan aka binne dogon tiyo a wannan zurfi, ƙaramar fanka ta ja iska ta cikinsa, iskar da ta shiga da zafin da ya haura digiri 40 za ta isa ɗaki ta rage zafi sosai. Ba za ta kai sanyin na'urar sanyaya ɗaki ba, amma faifan rana guda ya ishe ta. A rufe bakin tiyon da raga saboda sauro da ƙura, a kuma karkata shi kaɗan don kada ruwa ya kwanta a ciki da damina. Mai shirin gini ya binne shi tun lokacin haƙa harsashi.