Hukuncin yaron shago da ya ɗauki kuɗin ciniki

Tambaya: Malam, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Yaron shagona, ɗan shekara 13, ya kashe kuɗin cinikin da na bar masa ajiya. Wasu sun ce in kai shi wurin 'yan sanda, wasu sun ce haramun ne, gara a zane shi a kasuwa. Mene ne hukunci?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Babu haddi a kan wanda bai balaga ba, malamai ba su saɓa a nan ba. Abin da na tsaya a kansa shi ne cewar da ka yi kai ka bar masa kuɗin. A mazhabar Malikiyya ana biyan abin da yaro ya ɓarnatar na mutane daga dukiyar yaron, amma idan mai dukiya ne ya damƙa masa ita amana, to babu lamuni a kansa, kamar yadda Shehu Halil ya faɗa a littafinsa na fiƙihu, Muhtasar, domin wanda ya ba shi ne ya yi sakaci. Mahaifinsa ma ba a tilasta masa biya.

Masu cewa zuwa hukuma haramun ne saboda ba kotun Musulunci ba ce, sannan su halatta bulalar kasuwa, sun yi kuskure. Zartar da uƙuba aikin shugaba ne, ba na taron jama'a ba, kuma a garin nan mun san yadda ihun "ɓarawo" yake ƙarewa da taya da fetur. Wanda aka zalunta, idan bai sami alƙalin shari'a ba, ya halatta ya nemi haƙƙinsa a inda zai samu, matuƙar bai karɓi fiye da abin da shari'a ta ba shi ba.

Duk da haka ban ba ka shawarar kai shi ba. Dokar haƙƙin yara ta Jihar Legas ta 2007 ta ce a kai wanda bai cika shekara 18 ba kotun iyali, akwai kuma gidan gyaran tarbiyyar yara maza a Oregun, amma yaron da ba shi da takardar haihuwa yana iya tsintar kansa cikin manyan masu laifi idan aka ƙara masa shekaru a rubuce. Ka kira iyayensa da shugabannin kasuwa a yi sulhu, ka kuma bincika ko akwai babban da yake karɓar kuɗin a hannunsa, domin shi baligi ne, biya ya wajaba a kansa. Sannan ka duba ko kana biyan yaron ladan aikinsa a kan kari. Allah ne mafi sani.