Ɗana yana son zama Kadi: wane karatu zai zaɓa?

Tambaya: Ɗana ya gama sakandare, burinsa ya zama Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. In tura shi Madina ya karanci fiƙihu, ko ya karanci lauya a gida?

Amsa: Malam, Allah Ya yi wa yaro albarka. Sashe na 276 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya buɗe ƙofa biyu. Ko mutum ya kai shekara 10 yana lauya, kuma yana da shaidar karatun shari'ar Musulunci. Ko ya riƙe shaidar karatun shari'ar kaɗai shekara 10, tare da gogewa a aikinta ko shahara a iliminta. Dole kuma makarantar ta zama wadda Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, ta yarda da ita. Ka bincika wannan tun kafin ka biya kuɗin jirgi.

Shawararmu ya haɗa biyun, kamar yadda ake koyarwa a Jami'ar Bayero: shekara 5 na digiri, shekara 1 a Makarantar Lauyoyi. Dalili kuwa, Kadin da ba lauya ba, iyakarsa kujerar Grand Kadi, wato shugaban kotun ta jiha. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya sai lauyan da ya shekara 12, alhali kuma doka ta ce sai an sami aƙalla alƙalai 3 masana shari'ar Musulunci a cikinta. Ta wannan hanya Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad ya tashi daga Kadi a Bauchi har ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2019.

Kada ya raina fiƙihu, fa. Aikin kotun Kadi aure ne, saki, riƙon yara, wasiyya, wakafi da gado, aƙalla Kadi 3 ke zama a kan ƙara. Wanda bai iya karanta littattafan fiƙihu irin su Muhtasar da Tuhufa da Larabci ba, lissafin gado ɗaya zai tona shi.

Hukumar Shari'a ta Jiha ke miƙa sunaye, NJC ta tantance, gwamna ya naɗa. Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne koke-koke a kansu da sauya shekarun haihuwa, musamman da ritaya ta koma shekara 70 tun 2023. Ranar haihuwar da ke takardarsa ta firamare, ita zai riƙe a ko'ina.