Na canza fanbel sau biyu amma motar ba ta daina kuka ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2007 mai injin lita 2.4. Duk safiya idan na tayar da ita sai ta yi ta wani kuka mai tsini daga gefen fanbel, haka ma idan na kunna esi. Na canza fanbel sau biyu cikin shekara guda. Wani bakanike ya goga masa sabulu, kukan ya lafa na kwana biyu ya dawo. Yanzu wani ya ce tenshina ce ta mutu. Gaskiya ne, ko kuɗina kawai ake nema? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bakaniken na biyu ya fi kusa da gaskiya, amma kafin ka biya ko sisi ka sa a gwada a gabanka, domin gwajin ba ya cin minti goma.

A motarka bel ɗaya ne dogo ke tashi daga fulin ƙasan injin (fuli shi ne faifan da bel ke hawa kansa yana juyawa) ya zagaya altaneta, famfon sitiyari, kwamfuresan esi da famfon ruwa. Tsofaffin motoci bakanike ne ke ɗaure musu bel da hannu ya ƙulle noti. Taka kuwa tenshina ce ke wannan aikin da kanta: hannu ne na ƙarfe mai fuli a bakinsa, yana danne bel ɗin a kowane lokaci, ya ba shi hanya idan injin ya fizga, ya sake matse shi idan ya saki. Ta injin irin naka, wato 2AZ-FE, sau da yawa tana da ɗan ƙaramin shokozoba mai mai a ciki, shi ke hana hannun rawa. Da zarar man ya tsiyaye ko robar da ke bakinsa ta lalace, matsin ya ragu, bel ya fara zamewa a kan fuli. Zamewar nan ita ce kukan da kake ji. Yana fi yawa da safe ne saboda a lokacin altaneta na ƙoƙarin mayar wa batir wutar da ya kashe wajen tayar da injin, roba kuma tana da sanyi. Kunna esi ma ƙarin nauyi ne a kan bel ɗin. Shi ya sa sabon bel ke yin shiru na ɗan lokaci, sannan zamewa ta goge shi ya yi santsi, kuka ya dawo.

Gwajin farko da ruwa ake yi. A bar injin yana aiki a tsaye, a fesa ruwa kaɗan a cikin bel, ɓangaren da ke da layuka. Idan kukan ya ƙaru, matsi ne ya yi kaɗan, tenshina ce abin zargi. Idan ya ɗauke na 'yan daƙiƙu ya dawo, akwai fulin da ya karkace daga layin 'yan'uwansa. Wannan ma yana iya zama laifin tenshina, domin idan bushin da hannunta ke juyawa a kai ya cinye, fulin sai ya kwanta gefe. Mai babbar riga ya tattara hannunta kafin ya leƙa, bel mai gudu ba ya jira.

Sannan ka tsaya ka kalli hannun tenshinar a kunna esi. 'Yar girgiza kaɗan ba komai ba ce. Idan kuwa yana tsalle, ko kana jin ƙwas-ƙwas, ta gama aiki. A kashe injin a cire bel, a juya fulinta da hannu. Lafiyayye yana juyawa sumul ya tsaya da wuri. Wanda ya yi ta gudu da ƙara, giris ɗin boris ɗinsa, wato ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kansu, ya bushe. Wanda ke gurzawa ko yake lilo idan an girgiza shi, boris ya tafi. Tunda bel na waje, a juya sauran fulolin ɗaya bayan ɗaya, a duba ko famfon ruwa na zubar da ruwa, ko mai na ɗiga daga injin yana jiƙa bel. Idan akwai yoyon mai aka ƙyale shi, sabon bel ma ba zai daɗe ba.

Batun sabulu kuwa, a daina. Haka man birki, baƙin mai da kyandir da wasu ke gogawa. Bel na zamani da wata roba ake yinsa mai suna EPDM, mai yana kumbura ta, ga shi ƙurar hunturu na mannewa a jiki ta riƙa cin layukan. Wannan roba ba ta cika tsagewa kamar ta da ba, sai dai ta cinye a hankali, don haka kada rashin tsaga ya sa ka ɗauka bel na da sauran rai. Mai kyau yakan kai kilomita 100,000, kuma tenshina ma kusan nan ƙarfinta ke ƙarewa. Motar da aka ƙera tun 2007, idan ba a taɓa canza mata ba, ai ta yi ƙoƙari.

Wajen saye ina da ra'ayi mai ƙarfi. Na san mutanenmu sun fi amincewa da kayan Beljiyam, kuma a wasu sassa suna da gaskiya. A nan ban yarda ba, saboda tenshinar da aka ciro daga tsohon injin shekarunta ɗaya da taka, ba ka san saura nawa gare ta ba. Ka nemi sabuwa ta Toyota, ko ta kamfanoni irin su Gates, Dayco ko INA, daga dillalin da za ka iya mayar masa idan ta ba da matsala, domin jabu a cikin kwali mai kyau sun yi yawa. Idan boris kaɗai ya mutu, hannu da shokozoba na nan garau, ana iya canza fuli kawai. Ga alamun da ka faɗa, ina ganin gaba ɗaya za ka canza. Ka haɗa da sabon bel, tunda na yanzu ya riga ya goge. Lambar da ke bayansa ita ce ma'auni: lambar farko kafin PK yawan layuka ne, ta ƙarshe tsawonsa a milimita. Wanda ya ɗara tsayin da ya dace zai iya barin tenshina ba ta da abin dannewa, kuma ya kamata a tabbatar ba wannan aka yi maka ba a canjin baya.

Kafin a cire bel a ɗauki hoton yadda ya zagaya da waya. Ana sassauta shi da soket mai lamba 19 a kan wani kai da aka yi a jikin tenshinar don haka, kuma a danna a hankali, domin man cikin shokozoba ba ya son gaggawa, fizga takan fasa wannan kan da soket ke kamawa. Wurin ƙunci ne: ana cire tayar gaba ta dama, sau da yawa kuma sai an kwance mazaunin injin an ɗan ɗaga shi kafin dogon notin da ke riƙe da tenshinar ya fita. Bayan an ɗaura sabuwa a danna hannunta a hankali 'yan lokuta don iska ta fita, a sa bel, a bi kowane fuli da ido a ga layukan sun zauna a ramukansu kafin a tayar.

Kada ka yi doguwar tafiya kafin gyaran. Idan bel ya fita a hanya, fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi tauri, famfon ruwa ya tsaya, zafi ya hau cikin 'yan mintuna. Ka sauka gefen titi ka kashe nan take, ko da gari na gabanka kaɗan, domin injin ɗin na alminiyam ne kuma zafi ɗaya ya isa ya ƙona masa gasket.