Tambayi Likita: Ta yaya sanƙarau ke kama jariri ɗan kwana tara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Dan Allah a ƙara min haske. Jaririn ƙanwata kwana biyu bayan suna ya daina kama nono, jikinsa sanyi ƙalau, sai barci kawai. Da aka kai shi asibiti suka ɗebi ruwan bayansa suka ce sanƙarau ne. Ni a sanina sanƙarau ciwon lokacin zafi ne kuma wuya ke sanƙarewa, shi ko wuyansa lau. Kuma ta ina ƙwayar cuta za ta bi ta shiga ƙwaƙwalwar yaron da ko ƙofar gida bai taɓa leƙawa ba? Daga Maman Khalifa, Gusau.

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya ba uwarsa haƙuri. Kin yi gaskiya a rabi guda, sanƙarau ɗin da muka saba da shi, irin wanda ya yi ɓarna a Arewa a 1996, ƙwayar da ke kawo shi ta numfashi take yaɗuwa kuma lokacin zafi da ƙura ta fi ƙarfi. Na jarirai daban ne, babu ruwansa da bazara ko damina. Ƙwayoyin da suka fi kawo shi su ne wadda likitoci ke kira GBS, da E. coli, da Listeria, a asibitocinmu kuma ana yawan ganin Klebsiella. Ita GBS tana zaune abinta a hanji da gaban mata masu ciki da yawa, kusan ɗaya cikin biyar, galibi ba ta sa su ciwo, don haka kar kowa ya ɗora wa ƙanwarki laifi, ba ƙazanta ba ce. Jariri na iya shaƙarta ko haɗiyarta lokacin haihuwa, musamman in faya ta fashe aka wuce awa 18 bai fito ba, ko uwa ta yi zazzaɓi a naƙuda, ko bakwaini ne. Wata kuma bayan haihuwa take shiga, ta cibiya ko ta inda aka yanka da aska.

Toh ga yadda abin yake. Ƙwayar ba ta tsallakawa kai tsaye zuwa kai, jini take fara shiga. Jijiyoyin jinin da ke ƙwaƙwalwa Allah ya yi musu shinge na musamman, ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikinsu a manne suke gam da juna kamar bulo da siminti, ba a wucewa sai abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata irin su sukari da iskar numfashi. Amma garkuwar jikin jariri ba ta gama nuna ba, shi ya sa ƙwayar take samun damar hayayyafa a jini har ta yi yawa sosai, kuma sai ta yi yawan ne take iya ƙetare shingen. Wani nau'in E. coli da ake ce wa K1 yana da wata riga a jikinsa da ke hana garkuwar jiki gane shi, sai ya manne a bangon jijiyar ya sa ita ƙwayar halittar ta haɗiye shi da kanta, ya ratsa ta cikinta da ransa ya ɓullo ta ɗaya gefen. GBS ita ma tana mannewa ta ratsa, ga kuma wata guba da take fitarwa mai huda bangon ta sassauta manniyar. Listeria kuwa cikin fararen ƙwayoyin jini take ɓuya, su da aka turo su kashe ta su ne za su ɗauke ta su shigar da ita. Da zarar sun faɗa ruwan da ke zagaye da ƙwaƙwalwa shikenan sun samu sarari, domin wurin kusan babu masu tsaro, kafin jiki ya farga ya turo ɗauki sun ninka, kuma shi kansa faɗan da kumburin da yake jawowa shi ne ke yin mafi yawan ɓarnar.

Maganar wuya kuma, jarirai da yawa wuyansu ba ya sanƙarewa, wannan ne ke yaudarar iyaye har a yi ta jira. Abin da za a duba shi ne ƙin kama nono, zazzaɓi ko jiki ya yi sanyi, yawan barci da laushin jiki, kuka mai tsini wanda ba ya rarrasuwa, numfashi sama-sama, jijjiga ko taune-taune, da maɗiga ta kumburo ta yi tauri. Abin na min ciwo ƙwarai yadda ake kawo mana yara bayan an kwana biyu ana hayaƙi da shafe-shafe wai iska ce ta taɓa su, alhali a wannan ciwon awanni ma lissafi ne.

Ki faɗa wa ƙanwarki kar ta yarda a sallame su don ya fara shan nono, allurar jijiya ce ta sati 2 zuwa 3 gwargwadon ƙwayar da aka gano, sai an cika ta. Rigakafin sanƙarau da ake yi a gari ba ya kare jariri daga waɗannan, kuma har yanzu GBS ba ta da rigakafi a kasuwa, abin da ke hannunmu shi ne awo, haihuwa a wuri mai tsafta, shafa wa cibiya man kulohezidin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) maimakon makilin ko toka ko gashi da tsumma, da barin cire belu. Bayan an sallame shi a nemi a gwada jinsa, domin ciwon kan taɓa kunne, kuma a riƙa auna girman kansa duk zuwa asibiti saboda wani lokaci ruwa na taruwa a kai daga baya.